Ma'aikata biyar, yara ɗari bakwai: ta ina za a fara hana tsumburewa?

Tambaya: Ni nas ce, ina shugabantar wata cibiyar lafiya ta matakin farko mai kula da mutum kusan 10,000. Mu biyar ne: ni, ungozoma ɗaya, jami'an lafiyar al'umma biyu, da mai rajista. Muna da masu aikin sa kai takwas da ke shiga gidaje. An umarce mu da mu rage tsumburewar yara. Kowane wata muna auna yara muna tura rahoto, amma adadin ya ƙi motsi, kuma babu alamar za a ƙaro mana ma'aikata. Yaya zan tsara mutanen da nake da su?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Abin da ya sa adadin ya ƙi motsi shi ne yawancin yaran da kuke ƙirgawa sun riga sun wuce lokacin da za a iya yi musu wani abu a kan tsayi, kuma lokacin ma'aikatanki yana ƙarewa ne wajen awo da cike takarda. Dukiyarki a wannan aiki ita ce sa'o'in mutum biyar da na masu sa kai takwas. Duk tsarin ya rataya ne a kan wa za a ba waɗannan sa'o'i.

Ana cewa yaro ya tsumbure idan tsayinsa, gwargwadon watanninsa, ya faɗi ƙasa da layin -2, wato iyakar ƙasa ta tsayin da aka saba gani ga sa'anninsa, a ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. Idan ya yi ƙasa da -3, abin ya yi tsanani. An samo ma'aunin ne daga yaran ƙasashe shida: Brazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, kuma an ga cewa in an shayar da su yadda ya kamata, aka kuma kare su daga cuta, girmansu a shekarun farko kusan ɗaya ne. Wannan ce amsar da ma'aikatanki za su riƙe wa mai cewa gajarta gado ce a gidansu. Ana gadon tsayi, amma gado ba ya sa kashi uku ko huɗu cikin goma na yaran yanki guda su faɗa ƙasa da layin. A 2022 an ƙiyasta yara miliyan 148 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure a duniya, kusan kashi 22 cikin ɗari.

Lokacin da abin ke faruwa gajere ne: kwana 1,000, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsumburewa yana farowa tun a ciki, yaron ya zo duniya ƙarami. Sauran yana taruwa a hankali, kuma ya fi sauri tsakanin wata 3 da wata 24. Bayan shekara biyu, abin da yaro ke iya cikewa kaɗan ne. To, cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kusan uku cikin biyar sun haura wata 24. Ko da daga gobe kuka fara aiki ba kuskure, waɗannan za su ci gaba da fitowa a rahoto har su cika shekara biyar. Peru, wadda ake yawan kafa misali da ita, ta sauko daga kusan kashi 28 a 2008 zuwa kusan 13 a 2016, wato ƙasa da maki biyu a shekara, kuma da ƙarfin gwamnati gaba ɗaya. Duk wanda ke jiran canji a rahoton wata-wata na cibiya ɗaya, sai a yi masa wannan bayani da lalama.

Sai lissafin lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da hanyar da ake kira WISN, ta gano yawan ma'aikatan da ake bukata bisa nauyin aiki, kuma za ki iya yin sauƙaƙƙen nau'inta da biro da takarda. Ga misali, ki musanya lambobin da naki. Ranakun aiki a shekara 260 ne. Cire hutun gwamnati 12, hutun shekara 21, rashin lafiya 7, horo da tarurruka 10, saura 210. A sa'a takwas kullum, sa'a 1,680 ke nan. Aƙalla kashi ɗaya cikin biyar yana tafiya a rajista, rahoto, kula da firjin rigakafi da karɓo magani. Abin da ya rage na ganin mutane ido da ido sa'a 1,344 ne ga kowane ma'aikaci.

A al'ummar mutum 10,000, idan ana haihuwar 35 cikin kowane 1,000, za ki samu jarirai 350 a shekara, masu ciki kusan 400, da yara 'yan ƙasa da shekara biyu kusan 700. Awon ciki sau takwas, kamar yadda aka ba da shawara tun 2016, a minti 20 kowanne, ya ci sa'a 1,067. Duba mai jego da jariri sau huɗu, shi ma a minti 20, ya ci sa'a 467. Yara 700, kowanne ziyara takwas a shekara a minti 15, sa'a 1,400. Awon tsayi yana bukatar mutum na biyu, wannan kuma sa'a 233. Jimla kusan sa'a 3,170, aikin mutum biyu da ɗoriya, ba a sa karɓar haihuwa ba, ba a sa marasa lafiya ba, ba a sa kwanan dare ba. Masu duba mutane a wurinki huɗu ne, ɗaya kuma ke ce, da rabin lokacinki a shugabanci. Lissafin zai nuna miki abu biyu: ba za ku iya yin komai ga kowa ba, kuma kina da hujja a rubuce da za ki kai sama. Wasiƙar da ta ce "muna bukatar sa'a 3,170, abin da ya rage mana bayan sauran ayyuka 2,000 ne" ta fi wadda ta ce "aiki ya yi mana yawa" samun kunne.

Abu na farko da za a rage shi ne awon tsayin yara masu shekara biyu zuwa biyar kowane wata. Sau biyu a shekara ya ishe su, a haɗa da ranar bitamin A da maganin tsutsar ciki, tare da awon damtse. Ko ga ƙanana, tsayi ba abin awon wata-wata ba ne. Yaro ɗan shekara ɗaya yana ƙara santimita ɗaya da 'yan kai a wata, kuskuren mai awo kuma kan kai haka, don haka abin da za a gani a kati hayaniya ce kawai. A auna nauyi a kowace ziyara, tsayi duk wata uku. Nauyi ne ke fara tsayawa kafin tsayi ya biyo baya, shi ne ƙararrawa. Ƙa'idar da kowa a cibiyar zai haddace: idan layin nauyi ya kwanta ko ya sauka a ziyara biyu a jere, yaron ya shiga jerin waɗanda za a bi gida, ko da yana sama da -2.

Abu na biyu, a daina sa nas ko ungozoma aikin da wani zai iya. Mai rajista da masu sa kai biyu, idan an koya musu sosai, za su iya ɗaukar nauyi, su riƙe kan yaro a allo, su ɗiga a kati. Jami'in lafiya ya karɓi uwa da katin a cike, ya ba da mintinsa goma sha biyar ga tambaya da shawara. A cibiyoyi da yawa abin a juye yake: ƙwararre yana kan sikeli, uwa ta karɓi kati ta fita ba wanda ya ce mata uffan.

Tunda an zo kan awo, bari in tsaya a nan, domin rahoto da yawa a nan yake lalacewa. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, a kan allo mai katakon kai a kafe da na ƙafa mai zamewa. Tef ɗin awo a kan tabarma ko a jikin bango ba ya ba da lambar da za a dogara da ita. A cire hula, takalmi da duk abin da ke tokare kai. Mataimaki ya tsaya ta bayan allon, ya tallafi kan yaron da hannu biyu ta wajen kunnuwa, tsakiyar kai ta taɓa katako, idanu suna kallon sama sak. Mai awo ya danna gwiwoyi a hankali da hannu ɗaya, da ɗayan ya turo katakon ƙafa har ya zauna a tafin ƙafa gaba ɗaya, yatsu suna sama. Yaro mai kuka yakan miƙe yatsun ƙafa ya ture katakon, wannan kaɗai kan ƙara santimita ɗaya. A ɗan shafa tafin ƙafar, zai janye yatsun. A karanta har zuwa milimita, a faɗa da ƙarfi, mai rubutu ya maimaita kafin a ɗaga yaron. Daga shekara biyu a tsaye ake awo. Idan dole ta sa aka auna ɗan ƙasa da shekara biyu a tsaye, a ƙara santimita 0.7, idan an kwantar da wanda ya haura, a cire 0.7.

Kuskuren shekaru ya fi na allo ɓarna. Ga ɗa namiji ɗan wata 12, matsakaicin tsayi santimita 75.7 ne, layin -2 kuma 71.0. A wata 14 layin ya koma 73.1. Yaro mai santimita 72.5 lafiyayye ne idan an rubuta masa wata 12, tsumburarre ne idan ainihin watanninsa 14. Uwa ta ce "shekara ɗaya", mai rajista ya rubuta 12, shi ke nan an rasa shi. A ɗauki ranar haihuwa daga katin rigakafi ko rajistar haihuwa, a lissafa cikakkun watanni, kuma a duba cewa katin na maza ne ko na mata, domin layukan sun bambanta.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ki yi a ofis yau. Ɗauki awo ɗari na ƙarshe a rajista, ki duba lambar da ke bayan ɗigo. Idan ana karantawa da gaske, masu ƙarewa da 0 ko 5 ba za su wuce ashirin da wani abu ba. Idan kin samu sittin, ana kintace ne. Duk wata shida ki tara masu awo, a kawo yara goma, kowa ya auna kowane yaro sau biyu ba tare da ganin lambarsa ta farko ba. Wanda lambobinsa ke saɓawa da fiye da rabin santimita, a sake koya masa a wurin. Sikeli kuma a gwada shi kowane mako da abin da aka san nauyinsa. A kuma tuna wa kowa cewa awon damtse rama yake nunawa: ƙasa da santimita 11.5 tamowa mai tsanani, 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya. Ba ya gano tsumburewa.

Ungozomarki ita ce ma'aikaciyar hana tsumburewa ta farko, ko da ba a taɓa kiranta haka ba. A kare mata ranakun awon ciki, kada a ja ta zuwa ɗakin marasa lafiya. Abin da ake so daga gare ta sananne ne: mace ta fara awo cikin mako 12 na farko; maganin ƙarin jini mai ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum; awon hawan jini da nauyi kowace zuwa; gwajin jini, da na ciwon sanyi da ƙanjamau. Inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓin da ake kira SP daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku, a haɗiye a gaban ma'aikaci. A lura, folik asid mai miligiram 5 yana rage ƙarfin SP, don haka a duba wanne ne a kantar magani. Inda ake ba da kalsiyam, a raba lokacin shansa da na ƙarin jini da 'yan sa'o'i. Mata da yawa suna barin ƙwayar ƙarin jini a mako na biyu saboda tashin zuciya ko baƙin bahaya. Idan an gaya musu tun farko cewa hakan na faruwa, kuma za su iya sha da dare bayan abinci, da yawa za su ci gaba. Tambayar "kina sha?" ba ta da amfani, kowa zai ce e. A ce ta zo da ragowar a ƙirga.

Bayan haihuwa: a ɗora jariri a ƙirjin uwa, a sa shi a nono cikin sa'a ta farko, ya sha dakashi, a auna nauyinsa a ranar. Wanda bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini, a fara ɗumama shi fata da fata nan take, sa'o'i takwas zuwa ashirin da huɗu a rana, a tura wanda ke bukatar babban asibiti, sunansa kuma ya hau saman jerin bibiya. Zancen tazarar haihuwa a fara shi tun a awon ciki, a kammala kafin mako shida. Shawarar ita ce a jira aƙalla wata 24 kafin wani ciki. Kwanika tana cutar da yara biyu a lokaci guda: na goye a yaye shi da wuri, na ciki ya zo ƙarami.

Yanzu ga ramin da ke cikin jadawalin kusan kowace cibiya. A tsarin rigakafin ƙasashe da yawa, uwa tana zuwa a mako 6, 10 da 14, daga nan sai wata 9. Tsakanin wata uku da rabi da wata tara ba abin da ke kawo ta. A daidai wannan tsakanin ne ake fara ba yaro ruwa da abinci kafin lokaci, ko a makara, gudawa ta fara, nauyi ya kwanta. Idan za ki ƙara abu ɗaya tak a jadawalinki, ki ƙara ziyarar wata shida. A rubuta ranar a kati tun a mako na 14, a ɗaura ta da bitamin A na farko, mai awo 100,000, domin uwa ta san akwai abin da za ta karɓa. Daga wata 12 ana ba da 200,000 duk wata huɗu zuwa shida. Wannan ziyara ta cancanci minti 20 na jami'in da ya fi iya magana da mutane.

Me za a faɗa a ciki? A fara da tambaya: "Jiya, tun da ya tashi har ya kwanta, me da me ya shiga bakinsa?" A saurara, a lissafa cikin rukunoni takwas: nono, hatsi da saiwoyi, wake da dangoginsa da gyaɗa, madara, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, sauran kayan lambu da marmari. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar a rana. Daga wata 6 zuwa 8, abinci sau biyu zuwa uku, a fara da cokali biyu ko uku a kai rabin kofi mai mililita 250. Daga 9 zuwa 11, sau uku zuwa huɗu, rabin kofi. Daga 12 zuwa 23, sau uku zuwa huɗu, kashi uku cikin huɗu zuwa cikakken kofi, da ɗan abin taɓawa tsakani, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Matsalar da aka fi gani ita ce ruwa-ruwa. Cikin yaro ɗan wata takwas bai wuce ɗaukar mililita 200 ba. Idan an cika shi da abinci tsararo, ya ƙoshi bai ci komai ba. Jami'i ya ajiye kofi da cokali a teburinsa, ya nuna kaurin da ake so: a karkata cokali, abincin ya tsaya bai zuba ba. Yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai, don a san abin da ya ci.

Kada a zazzage wa uwa duk wannan a zama ɗaya. A zaɓi abu ɗaya ko biyu da za ta iya da abin da ke gidanta, a tambaye ta ko zai yiwu, a ce ta maimaita da bakinta, a rubuta a kati domin wanda zai gan ta gaba ya fara daga nan. Sau da yawa ba ita ke yanke shawarar abin da za a saya ko a dafa ba, saboda haka mai shiga gida ya nemi mijin ko kakar yaron su ji da kunnensu. Game da ƙwai, a yi gaskiya: a wani gwaji a Ekwado, ƙwai ɗaya a rana ya rage tsumburewa sosai, amma da aka maimaita a Malawi ba a ga canji a tsayi ba. Abinci ne mai kyau a ba yaro, ba a dai yi wa iyaye alkawarin santimita.

Masu sa kai takwas ba za su iya zaga kowa ba. Gidajen da ke da mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara biyu sun kusa 1,000, wato 125 ga kowannensu. Wanda ke fita kwana biyu a mako, gida biyar kowace fita, zai yi ziyara 40 a wata. Su takwas, 320. Idan aka bar su su zaɓa, gidajen kusa da na sani za su sha ziyara, na nesa ba za a taka su ba. Ke za ki ba su jeri kowane wata. Jarirai sababbin haihuwa kusan 30 ne a wata, kowanne ziyara biyu a makon farko, 60 ke nan. Yara 'yan wata 5 zuwa 8 kusan 115, kowanne sau ɗaya. Ragowar 145 a raba wa waɗanda aka haifa ƙanana, tagwaye, 'ya'yan mata masu ƙarancin shekaru, marayu, waɗanda nauyinsu ya kwanta, waɗanda aka sallama daga jinyar tamowa, da waɗanda suka tsallake ranar zuwa. Akwatin katuna mai gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa, ya isa ya nuna wanda bai zo ba: katin da ya rage a gidan watan jiya, mai shi ake nema.

Ɗakin marasa lafiya ma wurin wannan aiki ne, kuma shi aka fi mantawa. Wani nazari da ya haɗa bayanan ƙasashe da dama ya danganta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsumburewa da yin gudawa sau biyar ko fiye kafin shekara biyu. Duk yaron da aka kawo da gudawa ya tafi da ruwan gishiri da sukari na fakiti da zink: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba. Iyaye kan daina zink da zarar gudawa ta tsaya, sai an ce musu a ƙarasa. A ci gaba da nono da abinci lokacin ciwo, bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu. Kada yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ya fita daga wannan ɗaki ba a auna shi an duba katinsa ba.

Sa ido shi ne aikin da ba wanda zai yi in ba ke ba. Duba rajista ba ya nuna yadda aka yi magana da uwa. Sau ɗaya a wata ki zauna a gefe ki kalli kowane ma'aikaci da uwaye uku, ki lura da abu biyar: ya tambayi abin da yaro ya ci, ya nuna wa uwa layin kati, sun tsayar da abu ɗaya da za ta yi, ta maimaita, an ba ta ranar dawowa. Gyara a keɓe, bayan uwa ta fita. Masu sa kai kuma jami'an lafiya biyu su raba su huɗu-huɗu, kowanne ya raka nasa gida aƙalla sau ɗaya a wata uku. Rabin sa'a kowane mako, a kan yaro ɗaya na gaske daga rajista, ya fi taron horo na kwana biyar da ke kwashe rabin ma'aikata daga cibiya. Kowace ƙwarewa kuma ta kasance a hannun mutum biyu, domin ranar da aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada allon awo ya koma sito.

Lambobin da za ki manna a bango su zama waɗanda aikinku ke iya motsawa cikin wata uku: masu ciki nawa suka fara awo kafin mako 12, jarirai nawa aka auna ranar haihuwa aka kuma ziyarta a makon farko, yara nawa suka zo ziyarar wata shida, cikin waɗanda nauyinsu ya kwanta nawa aka bi gida cikin mako biyu, da kwana nawa aka yi babu zink ko ƙarin jini. Tsumburewa kanta a duba ta sau ɗaya a shekara, a tsakanin 'yan wata 18 zuwa 23, domin su ne suka fito daga hannunku kwanan nan. Ki shirya wa wani abu: idan awo ya gyaru, kuma aka fara kai wa gidajen nesa, adadin zai iya hawa a shekarar farko. Ma'aikacin da aka yi wa faɗa saboda adadinsa ya hau zai koyi ƙara santimita ɗaya a rajista, daga nan rahoton ya tashi daga aiki.

Batun haƙƙin masu shiga gidaje ba a hannunki yake duka ba, amma kina da abin kafa hujja. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 ta ce a biya ma'aikatan lafiya na cikin al'umma gwargwadon aikinsu, a ba su yarjejeniya a rubuce, a riƙa sa musu ido na taimako. Habasha ta bi wannan hanya tun 2003: mata biyu masu albashi da horon shekara ɗaya a kowace ƙaramar cibiya mai kula da mutum kusan 5,000. Tsumburewa a can ta sauka daga kashi 58 a 2000 zuwa 38 a 2016, ko da yake noma, ilimi da raguwar talauci duk sun taka rawa. Abin da ke hannunki shi ne alawus ya fita a kan lokaci, kuɗin mota kada ya fito daga aljihunsu, kayan aiki su cika, jadawalin dare da na hutu ya zama a bayyane kuma a yi adalci. Masu sa kai sukan bar aiki ne idan sun turo uwa cibiya aka wulaƙanta ta ko aka ce babu magani, domin su ne za su haɗa ido da ita gobe.

Ki kuma san iyakar abin da cibiya za ta iya. Lissafin da mujallar Lancet ta wallafa a 2013 ya nuna cewa ko an kai manyan matakan gina jiki guda goma ga kashi 90 na masu bukata, tsumburewa za ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari ne. Manyan gwaje-gwaje a Bangladesh, Kenya da Zimbabwe sun ga cewa masai, wanke hannu da tsabtace ruwa a matakin gida kaɗai ba su ƙara wa yara tsayi ba, duk da sauran amfaninsu. Inda gida babu abinci, shawara ba ta cika kwano. Irin waɗannan gidaje a haɗa su da shirin tallafi idan akwai. Idan hukumarku na raba ƙaramin fakitin abincin gina jiki mai giram 20 a rana ga 'yan wata 6 zuwa 23, ki nema; nazarin da ya tattara gwaje-gwajensa ya nuna raguwar tsumburewa da kusan kashi 12 cikin ɗari.

Yaron da aka riga aka samu ƙasa da -2 kuwa, a sake auna shi, a tabbatar da watanninsa, a duba damtse da nauyi gwargwadon tsayi da kumburin ƙafa. Wanda ya haɗa tsumburewa da rama shi ne mafi haɗarin mutuwa, a fara masa jinyar tamowa a ranar. Wanda ya tsumbure amma bai rame ba, kada a ba shi abincin jinyar tamowa. Ƙiba zai ƙara masa, tsayin bai zo ba. A nemi ciwon da ke cin sa a ɓoye, kamar tarin fuka, ƙanjamau, ciwon zuciya ko gudawar da ta ƙi ƙarewa, a tura wanda ke ƙasa da -3 ko wanda ci gabansa ya makara wurin likita. A ƙarfafa wa iyaye wasa da hira da shi, domin ƙwaƙwalwa tana ci gaba da amfana ko tsayi bai dawo ba. Sannan a tambayi uwar ko tana da ciki ko ƙaramin goyo, a sa sunan wannan a jerin watan.